Babi na Shida: Gyambon da Ya Ƙi Jin Magani

A ƙarshen shekarar 1981, wani likita a asibitin Mount Sinai da ke birnin New York, Frederick Siegal, shi da abokan aikinsa suka wallafa labarin wasu maza huɗu da ciwonsu ya ɗaure musu kai. Kowannensu ya zo da gyambo a bakin dubura, wanda ya ƙi rufewa, kullum sai ƙara faɗi yake yi. Ga rama, ga zazzaɓin da ba ya sauka. Da aka ɗebi ruwan gyambon aka kai ɗakin gwaji, sai aka tarar da bairas ɗin hapis, wato ɗan ƙaramin abin nan da ke sa ƙuraje a leɓe su bushe cikin mako guda. Uku daga cikin mutanen suka rasu. A lokacin cutar ƙanjamau ko suna ba ta samu ba, sai a shekarar da ta biyo baya aka raɗa mata. Amma tun daga wannan rahoto likitoci suka fahimci cewa hapis fuska biyu gare shi, kuma ƙarfin garkuwar mai ɗauke da shi ne ke yanke wadda zai nuna. Har gobe, gyambon hapis da ya haura wata guda bai warke ba yana cikin alamomin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ɗauka cewa ƙanjamau ta kai mataki na huɗu, wato na ƙarshe.

Duk wanda ya taɓa tashi daga zazzaɓin cizon sauro ya ga ƙuraje masu ruwa sun feso masa a gefen baki, to ya san hapis ko da bai san sunansa ba. Tsofaffi kan ce zazzaɓin ne ke fita. Iri biyu ne. Na farko ya fi son baki da fuska, yawanci tun ana yara ake kamuwa da shi. Na biyu ya fi zama a al'aura, ta hanyar saduwa yake yaɗuwa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 na ɗauke da na farkon, kimanin kashi 64 cikin 100 ke nan, yayin da mutum miliyan 520 masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da na biyun, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya yawansu. Mafi yawan waɗannan mutane ba su ma san suna da shi ba.

Dalili kuwa, hapis gwanin laɓewa ne. Da zarar ya shiga ta fata, sai ya bi jijiya ya gangara can wani curin jijiyoyi, ko dai a gindin ƙwaƙwalwa ko a ƙasan ƙashin baya, ya kwanta. Babu maganin da ke iya fitar da shi daga nan. Lokaci-lokaci, in zazzaɓi ko gajiya ko zafin rana ya ɗauke hankalin garkuwar jiki, sai ya biyo jijiyar ya dawo fata, ya yi 'yan kwanaki, a kore shi ya koma. Haka ake zama da shi har a mutu, kamar maƙwabcin da ba a shiri da shi amma ba a kai ga zuwa gaban alƙali ba.

Maganin da ya sauya labarin hapis ya fito ne daga ɗakin binciken wata mata da ba ta taɓa kammala digiri na uku ba. Gertrude Elion, haifaffiyar New York ta 1918, tana da shekara 15 kakanta ya rasu da ciwon daji, abin da ya tura ta karatun kimiyyar sinadarai ke nan. Ta sha yawon neman aiki ana mayar da ita saboda mace ce, sai da Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe maza sannan ƙofa ta buɗe, ta shiga kamfanin Burroughs Wellcome a 1944. A can ne a 1974 wani abokin aikinta, Howard Schaeffer, ya haɗa sinadarin da ake kira asiklobir, ita kuma da tawagarta suka gano yadda yake aiki, suka wallafa a 1977. Amurka ta amince da shi a 1982, aka sa masa sunan kasuwa Zovirax. Elion ta karɓi lambar Nobel a 1988 tare da George Hitchings da James Black.

Dabarar da ke cikin asiklobir ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, domin a cikinta ne ƙarfinsa da rauninsa duka suke.

Bairas ba ya iya hayayyafa shi kaɗai. Sai ya kutsa cikin ƙwayar halittar mutum ya mayar da ita maƙerarsa, ya shiga ƙera sabbin kwafin kundin gadonsa, wato DNA. Wannan kundi kamar sarƙa yake mai zobba iri huɗu, kowane zobe da ƙugiyar da na gaba zai maƙale. Bairas ɗin yana da wani sinadari nasa da ke aikin maƙeri, yana ɗauko zobe yana ɗaurawa. To asiklobir jabun zobe ne. Ya yi kama da ɗaya daga cikin huɗun nan, sai dai ba shi da ƙugiya. Maƙeri na ɗauka ya saƙala shi, aiki ya tsaya cak, babu inda zobe na gaba zai kama. Abin da ya fi burge masana shi ne, maganin yana shiga jiki ne a kashe. Kafin ya zama abin da maƙeri zai yarda ya ɗauka, sai an liƙa masa sinadarin fosfet har sau uku, kuma liƙin farko wani sinadarin bairas ɗin ne da kansa ke yin sa, wanda ake kira timidin kaines, ko TK a taƙaice. Ƙwayar halittar da ba ta kamu ba kusan ba ta taɓa maganin. Wadda ta kamu kuwa, bairas ɗin da hannunsa yake ɗana tarkon da zai kama shi. Shi ya sa asiklobir ya zamo cikin magungunan da suka fi kowanne sauƙin illa, ana ba jarirai, ana ba masu juna biyu.

Amma tarkon da sai ɓera ya ɗana wa kansa yana da aibi a fili. Ranar da aka samu ɓeran da ba ya iya ɗanawa, shi ke nan.

Irin wannan kuwa ba sai an jira shi ba, dama yana nan. Bairas na yawan kuskure wajen kwafi, kuma a cikin umarnin ƙera TK akwai wuraren da harafi guda ke maimaita kansa a jere, wani wurin har sau bakwai. Duk wanda ya taɓa kwafar rubutu a allo ya san yadda ido ke zamewa a irin wannan layi, a rubuta shida ko takwas maimakon bakwai. Da yake uku-uku ake karanta haruffan, ƙarin guda ko ragin guda yana rikita duk abin da ya biyo baya, sai TK ɗin ya fito nakasasshe ko ma ya ƙi fitowa. A cikin kowane taron bairas dubu zuwa dubu goma akan samu guda mai irin wannan nakasa, tun kafin majiyyaci ya taɓa shan magani. Kimanin kashi 95 cikin 100 na hapis mai bijire wa asiklobir ta wannan ƙofa yake bi. Ragowar kuma maƙerin ne da kansa ke sauyawa, ya koyi gane jabun zobe. Kuma da yake maganin balasiklobir asiklobir ne da aka yi wa kwaskwarima, wani maganin mai suna famsiklobir shi ma yana jiran TK ya kunna shi, galibi in ɗaya ya faɗi sai su faɗi tare.

To me ya sa, bayan sama da shekara 40 ana shan asiklobir kamar gyaɗa a duniya, bai zama tarihi ba kamar yadda kulorokwin ya zama a fagen zazzaɓin cizon sauro? A tsakanin masu cikakkiyar lafiya, bijirewar har yanzu ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Amsar ita ce bairas marar TK gurgu ne. Yana iya hayayyafa a fata, amma yana shan wuya wajen farkawa daga cikin jijiya, kuma ba ya da zafin 'yan'uwansa. A jikin mai lafiya, magani na kashe masu ƙafa, garkuwa ta share guragun cikin kwanaki, ba wanda ya san an yi. A jikin da garkuwa ta faɗi kuwa, magani ya share masa fili ne kawai. Gida babu kare babu mai gadi, gurgu ma sai ya yi sata son ransa. A nan ake gane cewa tun asali asiklobir rabin aikin yake yi, ɗaya rabin na jiki ne.

Akwai wata hujja mai ban sha'awa a kan haka daga ido. Baƙin ido wuri ne da garkuwar jiki ke taka-tsantsan da shiga, don kada faɗanta ya dushe gani. Wani bincike da aka yi a birnin Rotadam na ƙasar Holan, aka wallafa a 2008, ya samu bairas mai bijirewa a kimanin kashi 6 cikin 100 na masu hapis ɗin ido, alhali mutane ne masu lafiya sumul. Duk inda garkuwa ta ja da baya, ko da wuri ne kamar ƙwayar wake, nan gurgun ke samun wurin zama.

A shekarar da asiklobir ya shiga kasuwa, 1982, a ita ce aka fara ba da rahoton bijirewa, a jikin yaran da aka haifa da raunin garkuwa da kuma waɗanda aka yi wa dashen ɓargo. Zuwa 1989 likitoci a San Faransisko sun tattara masu ƙanjamau 12 da gyambonsu ya ƙi jin maganin. Alƙaluman da aka saba ambata su ne kashi 4 zuwa 10 cikin 100 a tsakanin masu raunin garkuwa gaba ɗaya, amma masu dashen ɓargo sun yi wa kowa fintinƙau. Wani ɗakin bincike a birnin Liyon na Faransa ya bi samfuran majiyyata na tsawon shekara goma, ya tarar a tsakanin masu dashen ɓargo bijirewar ta tashi daga kashi 14 a shekarun 2002 zuwa 2006 ta kai kashi 46 a shekarun 2007 zuwa 2011. Lissafin ɗakin gwaji guda ne, kuma samfuran da suka gagara ne aka fi turo masa, don haka ba za a shafa wa duniya duka ba. Duk da haka ya tayar da hankalin likitocin dashe.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi na iya cewa wannan ai matsalar manyan asibitocin Turai ce. A da ne. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 na ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, kuma har yanzu da yawa ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci jiki. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, kuma duk wanda aka yi wa dashe, a nan gida ko a Indiya ko Masar, zai ƙare rayuwarsa yana shan magungunan danne garkuwa don kada jiki ya ƙi baƙuwar ƙodar. A 2011 aka yi dashen ɓargo na farko a ƙasar, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ga wani yaro mai sikila, a ƙasar da ta fi kowace yawan masu sikila a duniya. Ga masu ciwon daji da ke karɓar ƙarin ruwan kashe kansa. Ga kuma wani rukuni da ba a cika lissafawa ba, masu sayen deksametason a kemis suna sha wata da watanni don ciwon gaɓɓai ko don neman ƙiba, ba su san garkuwarsu suke zaftarewa ba.

A irin waɗannan jikkuna hapis ba ya zuwa da kamannin da aka san shi. Ƙurajen ruwan nan ba sa daɗewa, sai dai gyambo mai zurfi mai raɗaɗi, a baki har ya hana haɗiyar ruwa, ko a al'aura da dubura har zama ya gagara. Yana iya gangarawa maƙogwaro, ko ya shiga huhu ko hanta. Wani lokaci kuma, musamman ga masu ƙanjamau, sai ya tsiro kamar tsoka, curi guda mai kama da kansa, har likitan fiɗa ya yanke shi da zaton daji ne, sai sakamakon gwajin nama ya fito ya ce hapis. Idan a dubura ne, da wuya majiyyaci bai fara kiransa basir ba. Idan a gaba ne, ciwon sanyi ne. Kunya ta sa a yi watanni ana jiƙe-jiƙe da shafe-shafe, ana bin mai lasifika a kasuwa, kafin a yarda wani ya duba.

Ƙa'idar likitoci ita ce, in an yi kwana 7 zuwa 10 ana ba da magani gyambo bai fara ja da baya ba, a fara zargin bijirewa. Sai dai likitan kirki ba ya tsalle ya faɗa can, domin akwai tambayoyi masu araha da ya kamata a fara yi. Shin maganin yana shiga kuwa? Asiklobir na haɗiya, abin da hanji ke tsotsa bai wuce kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ba, shi ya sa ake shan sa sau uku zuwa biyar a yini, kuma mai gudawa ko amai ko wannan ɗan kaɗan ɗin ba ya samu. Balasiklobir ya fi shi shiga jini, fiye da rabinsa ke wucewa, amma ya fi tsada. Shin maganin na gaske ne? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci, kuma babu abin da ke renon bairas mai bijirewa kamar magani rabi-rabi, wanda ya isa ya takura shi amma bai isa ya kashe shi ba. Sannan, shin hapis ɗin ne ma? Tunjere na sa gyambo, tarin fuka na sa gyambo, kansa na sa gyambo, kuma tun ɓarkewar ƙyandar biri a Najeriya a 2017 likitoci sun ga yadda ita ma ke fitowa a al'aura. Sau da yawa abin da ake kira bijirewa yakan warware da zarar an koma ba da asiklobir ta jijiya, miligiram 10 kan kowane kilo na nauyin jiki duk bayan awa 8, tare da isasshen ruwa, domin shi ma in jiki ya bushe yakan daskare a ƙoda kamar gishiri.

Tabbatar da bijirewa aikin ɗakin gwaji ne na musamman. Tsohuwar hanya ita ce a raini bairas ɗin a kwalba, a riƙa zuba masa magani ana ƙarawa a ga inda zai sare, abin da kan ci mako biyu ko fiye. Sabuwar hanya ita ce a karanta haruffan kundinsa a nemo kuskuren, cikin 'yan kwanaki, sai dai akan ci karo da sauyin da ba wanda ya taɓa gani, a rasa ko shi ne mai laifin ko kuwa tabon haihuwa ne kawai. Ko a Turai ɗakunan da ke wannan aiki ƙalilan ne. Mafi yawan likitocin duniya da ido da ƙwarewa suke yanke hukunci.

In an tabbatar, ko an yi zato mai ƙarfi, sai a ɗauko foskanet. Kamfanin Astra na ƙasar Suwidin ne ya fito da shi, Amurka ta amince da shi a 1991. Shi ba ya jiran TK ya kunna shi. Kai tsaye yake zuwa wurin maƙeri ya toshe inda yake zubar da ɓarɓashin da ke fita duk lokacin da aka ɗaura zobe, sai aiki ya cushe. Gwajin da ya kafa shi ƙarami ne ƙwarai. A 1991 Sharon Safrin da abokan aikinta suka raba masu ƙanjamau 14 gida biyu, takwas aka ba su foskanet, shida aka ba su wani tsohon magani mai suna bidarabin. Duka takwas ɗin suka warke cikin kwana 10 zuwa 24. Duka shidan kuma sai da aka dakatar da nasu don bai yi komai ba. Bambancin ya yi yawan da ba a buƙaci ƙarin mutane ba.

Amma foskanet magani ne mai karɓar la'ada. Ta jijiya kawai ake ba da shi, miligiram 40 kan kowane kilo, sau biyu ko uku a yini, kowane ƙari a hankali na aƙalla awa guda, tsawon mako biyu zuwa uku, ko har gyambo ya rufe. Yana bugun ƙoda, a gwaje-gwajen farko sama da mutum ɗaya cikin huɗu sai da ƙodarsu ta nuna alamar gajiya. Yana zuƙe sinadaran kalsiyam da maganiziyam da fotasiyam daga jini, har majiyyaci ya ji leɓɓansa na tsuma, yatsunsa na ƙagewa, wani ma ya yi farfaɗiya. Dole a riƙa ɗura ruwan gishiri kafin kowane ƙari, a riƙa gwada jini sau biyu ko uku a mako. A tuna kuma su wa ake ba wa: mai dashen ƙoda da ƙoda guda ta aro, ko mai dashen ɓargo da ke shan wasu magungunan da dama ƙodar suke ci. Har da wani abin dariya marar daɗi. Foskanet na fita ta fitsari da ƙarfinsa, yana iya ƙona fatar al'aura ya haifar da sabon gyambo, a daidai wurin da ake jinyar tsohon. Rigakafin da likitocin Turai ke rubuta wa majiyyata shi ne su wanke da ruwa bayan kowane fitsari, abin da duk ɗan da ya tashi da buta a hannu ba ya buƙatar a koya masa.

Bayan duk wannan wahala, ciwon yakan dawo. A gwajin Safrin ma haka aka gani, makonni kaɗan bayan tsayar da magani. Abin mamaki shi ne sau da yawa wanda ya dawo yana jin asiklobir, saboda asalin bairas ɗin da ke kwance a jijiya mai TK ne lafiyayye, gurgun a fata aka haife shi. Shi ya sa likita kan sake gwada tsohon maganin kafin ya koma wa mai tsanani.

In foskanet ya gaza, ko ƙoda ta ce ta gaji, sai sidofobir. Masanin sinadarai Antonín Holý na birnin Firag ne ya haɗa shi, tare da haɗin gwiwar Erik De Clercq na Beljiyam, kuma dabararsa ita ce ya zo da fosfet ɗin farko a liƙe tun daga masana'anta, ba ya buƙatar alfarmar TK. Sunan Holý ba sananne ba ne a ƙasar Hausa, amma aikinsa na cikin aljihun dubban mutane, domin shi ne ya haɗa tenofobir, ɗaya daga cikin sinadarai uku da ke cikin ƙwayar da masu ƙanjamau ke karɓa kyauta a asibitocin Najeriya. Sidofobir sau ɗaya ake ƙara shi a mako, sai dai ya fi foskanet mugunta ga ƙoda, dole a haɗa shi da wani maganin kare ƙoda mai suna furobenesid da ruwa mai yawa. Wasu asibitocin kan dama shi su mayar da shi man shafawa mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, a shafa a gyambon da hannu ke kaiwa. Akwai kuma man imikwimod, wanda ba ya taɓa bairas ɗin, garkuwar fatar wurin yake tsokana ta tashi, kuma ya taimaki wasu masu curin nan mai kama da kansa. Yawancin hujjar waɗannan na shafawa daga rahoton majiyyata ɗai-ɗai take, ba daga manyan gwaje-gwaje ba.

Wani darasi ya fito daga cibiyar dashen ɓargo ta Fred Hutchinson da ke Siyatil, wanda da farko sai ka ce ya saɓa wa hankali. An yi zaton ba majiyyaci asiklobir kullum na tsawon shekara zai ƙara haifar da bijirewa. Da suka duba bayanan majiyyatansu, suka wallafa a 2007, sai aka ga akasin haka: waɗanda suka daɗe a kan maganin ba yankewa su ne bijirewar ta fi ƙaranci a cikinsu. In aka duba da kyau ba abin mamaki ba ne. Kuskuren kwafi sai ana kwafi yake faruwa. Bairas ɗin da aka danne tun bai fito ba, ba shi da damar yin kuskuren da zai cece shi. Sha-yau-bari-gobe ne ke buɗe masa ƙofa.

Kimanin shekara 30 ke nan foskanet da sidofobir su ne iyakar abin da ke cikin akwatin, sai a 'yan shekarun nan aka ga sabon haske. Kundin gadon bairas igiya ce mai tufka biyu, kuma kafin maƙeri ya fara kwafi sai wani sinadari ya riga shi gaba yana warware tufkar, wani kuma yana kafa masa zoben farko. Masu bincike a kamfanin Bayer na Jamus sun ba da rahoto a 2002 cewa sun samo sinadarin da ke ƙulle wannan mai warwara. Da Bayer ya ware sashensa na cututtuka masu yaɗuwa a 2006 ya zama kamfanin AiCuris a birnin Wuppertal, sinadarin ya bi shi, aka sa masa suna piritelibir. Ƙwaya ce ta haɗiya, sau ɗaya a yini, ba ruwanta da TK, ba ta kuma bi ta ƙofar maƙeri, don haka duk dabarun da bairas ya koya a kan asiklobir ba sa yi masa amfani. A wani gwaji da Anna Wald ta jagoranta, aka wallafa a 2016, an samu bairas a kashi 2.4 cikin 100 na samfuran masu shan piritelibir, yayin da na masu shan balasiklobir ya kai kashi 5.3. Tafiyar ba ta yi santsi ba. A 2013 hukumar magunguna ta Amurka ta dakatar da gwaje-gwajensa bayan an ga matsalar fata da ta jini a jikin birai da aka ɗura wa ninkin-ba-ninkin abin da ake ba mutum. Daga nan kamfanin ya karkata ga masu raunin garkuwa da magani ya gaza musu, inda buƙatar ta fi tsanani, kuma a watan Oktoban 2025 ya sanar cewa a babban gwajinsa piritelibir ya fi magungunan da likitoci suka saba zaɓa warkar da gyambo. Ɗan'uwansa amenamebir kuwa Japan ta amince da shi tun 2017. Su ma an riga an ga bairas na iya bijire musu a ɗakin gwaji, don haka babu mai cewa an gama.

Tambayar da ta rage ga mafi yawan majiyyata a Afirka ita ce ta samu. Asiklobir na cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, ana samunsa a kusan kowane babban kemis. Foskanet da sidofobir kuwa tsada gare su, da wuya a same su, kuma ba su da amfani in babu gadon asibiti da ɗakin gwajin da zai riƙa duba ƙoda. Abin da ke hannu, kuma ya fi su duka tasiri, shi ne mayar wa jiki garkuwarsa. Ga mai dashe, likitansa ya duba ko za a iya sassauta magungunan dannewa ba tare da an rasa dashen ba. Ga mai shan deksametason ba bisa ƙa'ida ba, a janye shi a hankali ƙarƙashin kulawar likita, domin yanke shi farat ɗaya ma haɗari ne. Ga mai ƙanjamau, a ɗora shi kan maganinta ba tare da ɓata lokaci ba. A watannin farko gyambon na iya ƙara fusata yayin da garkuwa ke farkawa ta tarar da abokin gaba a tsakar gida, kuma a nan ne wasu ke karaya su watsar da maganin, alhali alama ce ta cewa jiki ya fara tashi. A ƙasashen da maganin ƙanjamau ya wadata tun tsakiyar shekarun 1990, irin gyambon da Siegal ya gani ya ragu ƙwarai, ba tare da an ƙirƙiro wani sabon maganin hapis ba.

Don haka duk mai ɗauke da ƙanjamau, ko wanda aka yi wa dashe, ko mai karɓar maganin kansa, da ya ga gyambo a baki ko a gaba ko a dubura ya kai kwana 10 yana shan magani bai fara bushewa ba, kada ya ƙara kwalin kemis na biyu a kan na farko. Ya koma wurin likitan da ya san tarihinsa, ya tafi da kwalin maganin da yake sha a hannu, ya kuma yarda a duba wurin da ido.